Karin maganar Turanci: inda aka fi yin tuntuɓe

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sauya kalma. A Najeriya kusan kowa na cewa "cut your coat according to your size", alhali "according to your cloth" ne daidai. Ba girman jikinka ake magana ba, yawan yadin da ke hannunka ake nufi, wato iya kuɗinka iya shagalinka. Da zarar an sa "size" ma'anar ta gudu, don ai kowane tela daidai jikin mai riga yake yanka.

Haka "more grease to your elbow" da ake yi wa wanda ya yi ƙoƙari. A Ingila "more power to your elbow" ake cewa. "Half bread" kuma "half a loaf is better than none" ne, da babu gara ba daɗi. Wani lokacin ƙaramar kalma ce ke faɗuwa: "bite off more than you can chew", ɗaukar abin da ya fi ƙarfinka, ba ta cika sai da "off". A hira ba wanda zai tsare ka, amma a insha'in WAEC ko NECO irin wannan kuskure yana iya cinye maka maki. Ƙa'idar ita ce, lokacin aikatau da wakilin suna na iya canzawa, a ce "she spilled the beans", ta tona asiri, amma sunaye da ƙananan kalmomi irin su "a", "the" da "off" ba a taɓa su.

Sai fassara kalma da kalma. "I'm pulling your leg" zolayarka ake yi. "Break a leg" fatan alheri ne ga mai shirin hawa dandamali, ba mugun baki ba. A tambayoyin JAMB, zaɓin da ya bi ma'anar zahiri galibi tarko ne.

Wanda ya fi muni shi ne rashin sanin muhalli. "Kick the bucket" na nufin mutuwa, amma cikin raha da rashin girmamawa. Kada ka kuskura ka sa ta a saƙon ta'aziyya; "passed away" ake cewa.

Kafin ka yi amfani da sabuwar karin magana, duba ƙamus ƙarƙashin babbar kalmarta, ka lura ko an yi mata alamar maganar hira ce, sannan ka kwafe ta cikin cikakkiyar jimla a littafinka.