Kurakuran da mutanenmu ke yi wajen sayen kwamfuta a Saudiyya

Hausawan Jidda da Makka da Madina ba baya ba ne wajen ciniki. Za a shafe rabin awa ana ja-in-ja a kan riyal hamsin, a samu ragi, a fito ana murna. Sai dai sau da yawa asarar ta riga ta auku tun kafin a yi tayin farko, domin ba a san abin da ake tayawa ba. Darajar kwamfuta tana cikin wasu 'yan lambobi ne, kuma mai shago ya san yawancin masu shigo masa ba sa karanta su.

Abin da ya fi cin mutane shi ne ɗan tambarin nan da ke manne kusa da madannai, mai ɗauke da Core i7, sunan firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Mutum ya ji an ce i7 ta fi i5, i5 ta fi i3, shi ke nan ya haddace. To amma tun 2008 kamfanin Intel ke fitar da i7, yana sabunta ta zubi bayan zubi, sunan yana nan yadda yake. Sai ka ga cikakken sunan kafin ka san shekarunta. Idan ka ga i7-4600U, lambar da ke biye da ɗan layin, wato 4, tana nufin zubi na huɗu, na 2013. Idan ka ga i5-1135G7, lambobi biyun farko ake karantawa, zubi na 11 ke nan, na 2020, kuma wannan i5 ɗin ta fi waccan i7 sauri nesa ba kusa ba. Wanda ya sayi kwamfuta saboda tambari kaɗai, tamkar mai sayen rago ne da aka ce masa balami ne, ya biya bai buɗe baki ya duba haƙora ba.

Dubawar ba wuya. Ka ce a kunna maka, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga Performance. A nan za ka ga cikakken sunan firosesa, da yawan RAM, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai, da irin ma'ajiyar da ke ciki. Kada ka sayi abin da ya gaza zubi na 8. Dalili kuwa, Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba 2025, ita kuma Windows 11 daga zubi na 8 ta fara karɓa a hukumance. Akwai masu gyara da ke cusa Windows 11 da dabara a kan tsofaffin injina, saboda haka ganinta a kan allo ba shaidar komai ba ne. Lambar ce shaida.

Sai ruɗin babbar lamba a wajen ma'ajiya. Za a nuna maka guda biyu, ɗaya mai 1TB, ɗaya mai 256GB, zuciyarka ta tafi ga mai yawa. Tambayi irinta tukuna. Idan mai 1TB ɗin HDD ce, faifai ne ke juyawa a ciki, kunna kwamfutar kaɗai sai ka gaji da jira, kuma faɗuwa ɗaya na iya tafiya da duk abin da ka tara. Ɗaya irin, wato SSD, ba ta da abin da ke motsi, ga sauri. Ni dai na fi son SSD mai 256GB a kan HDD mai 1TB, in wuri ya yi kaɗan a ƙara na waje. Akwai kuma sababbi dal masu arha da ke zuwa da ƙaramar ma'ajiya irin ta eMMC mai 64GB da RAM 4GB. Suna da kyan gani a kwali, amma Windows da sabuntawarta za su cinye babban kaso na wurin, kafin shekara yaro ya fara kuka da ita. RAM kada ya gaza 8GB, mai aikin zane ko haɗa bidiyo kuma ya nemi 16GB. Ka tambaya ko ana iya ƙarawa, domin a sirara da yawa an liƙe shi ne a jikin allon ciki, yadda ka saya haka za ka ƙare da shi.

Ta hannu ba laifi ba ce. ThinkPad ko Latitude ko EliteBook da wani kamfani ya yi aiki da ita ya sallama, sau da yawa ta fi sabuwa mai arha ƙarko. Kuskuren shi ne a ga hoto a Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, a daidaita a waya, a haɗu a bakin titi bayan isha'i, a miƙa kuɗi a karɓi jaka. Ka zauna da ita ko da minti ashirin ne, a inda akwai soket da haske. Buɗe Command Prompt, tagar rubuta umarni a Windows, ka rubuta powercfg /batteryreport, za ta fitar maka da rahoto mai nuna ƙarfin batir lokacin da aka ƙera shi da abin da ya rage masa yanzu. In ya koma rabi, cire kuɗin sabon batir daga farashin. Manhajar CrystalDiskInfo kyauta ce, tana nuna lafiyar ma'ajiya da awoyin da ta yi tana aiki. Buɗe farin shafi sannan baƙi ka nemi tabo a allo, danna kowane harafi, soka filash a kowace kafa, buɗe murfin ka rufe ka ji ko maƙalin ya saki. Sa bidiyo ya yi ta tafiya ka saurari fanka. Injin da ke huci a cikin shago mai sanyin AC, me kake tsammani zai yi a zafin Makka da ke haura digiri 40?

Wani abu da ake mantawa shi ne kulle. Sake kunna ta ka shiga BIOS, wato saitin injin da ake shiga kafin Windows ta tashi, in ta nemi kalmar sirri mai ita bai sani ba, ajiye masa abarsa. MacBook kuwa, sai mai ita ya fita daga iCloud ɗinsa, wato asusunsa na Apple, a gabanka. In ya ce zai cire daga baya, kai ma ka biya daga baya.

A wajen sabuwa, fatura, wato rasit, ce ake wasa da ita. Wani zai ce maka zai rage idan ba ka buƙatar takarda, kai kuma ka ga riba. Harajin kaya a Saudiyya kashi 15 ne cikin ɗari tun Yulin 2020, ya kamata a ce yana cikin farashin da aka rubuta, kuma fatura ta gaskiya tana ɗauke da lambar harajin shagon da alamar QR. Ma'aikatar Kasuwanci ta wajabta garantin akalla shekara biyu a kan sababbin kayan lantarki, amma da me za ka nemi haƙƙinka ba takarda? Ka tabbata an rubuta lambar jikin na'urar, kuma ta yi daidai da wadda ke ƙarƙashinta. Ka kuma tambaya garantin na wakilin kamfani ne ko na shagon, domin shago na iya tashi. Manyan wurare irin su Jarir da eXtra ba a faɗuwa da su a wannan, a ƙananan shaguna ne ake buƙatar buɗe ido. Ɗauki hoton faturar tun a ranar, irin takardar nan rubutunta gogewa yake yi, balle an bar ta cikin mota. In rigima ta taso, lambar kai ƙara ita ce 1900, wanda Larabci bai zauna masa ba ya nemi ɗan uwa ya kira masa.

Ga kuma batun tsaraba. Alhaji ya zo Umara, ɗansa da ke jami'a ya turo saƙo: “Baba, don Allah a taho mini da laftof.” Alhaji ya kira wani mazauni ya ce, “Malam, raka ni mu sayo mai kyau.” Mai kyau a nan ba ta da ma'ana sai yaron ya turo cikakkiyar lambar irin wadda karatunsa ke buƙata. Kuma ba a Makka ake ƙera su ba, yawanci daga Sin suke fitowa kamar na kasuwannin gida, don haka a kira Kano a ji farashi, a lissafa da canjin ranar kafin a ciro kuɗi. Garantin wakilin Saudiyya galibi ba ya bin kaya zuwa Najeriya ko Nijar, sai a zaɓi HP ko Dell ko Lenovo da ake samun batirinsu da allonsu a gida. Wuta ba matsala, cajar laftof tana karɓar 100 zuwa 240V, kan soket mai ƙafa uku ma irin na Najeriya ne, mutanen Nijar ne za su nemi adafta. Fawa-banki kuma a jakar hannu ake shiga jirgi da shi, ba a kayan awo ba, kuma ƙa'idar da aka saba ita ce 100Wh, wajen 27,000mAh ke nan.

Ƙananan kaya su ne aka fi cika da jabu, saboda ba wanda ke tsayawa gwada su. Filash mai rubutun 2TB da ake sayarwa a kan tebur a kuɗin abincin rana, ƙarya ce tsagwaronta. An sauya lissafin cikinsa ne ya riƙa nuna girman da ba shi da shi. Zai karɓi duk abin da ka zuba, sunayen fayil su bayyana, amma da ɗan wurin gaskiyar ya cika, sauran sun salwanta, sai an koma gida a zo nuna wa iyali hotunan Arfa su ƙi buɗewa. Manhajar H2testw tana cika filash ta karanta shi ta faɗi girmansa na gaskiya, a gwada kafin a ɗora masa abin da ake ji da shi. Amma idan ka sayi 1TB ka ga Windows ta nuna 931GB, kada ka koma ka yi faɗa, bambancin lissafi ne kawai.

Caja ma haka. Duba ƙarƙashin kwamfutar ko tsohuwar cajar ka ga V (volt) da W (watt) da aka rubuta. Volt dole ya zo daidai, watt kuma ya kai ko ya fi, kwamfutar da ke son 65W in ka ba ta 45W za ta riƙa jan ƙafa tana ƙin cika. Ta jabu ba ta da nauyi a hannu, tana zafi fiye da kima, wani lokaci har linzamin taɓawa ya riƙa tsalle idan an jona ta. Masu amfani da USB-C su lura da igiyar ita kanta: ta gama-gari ba ta wuce 60W, don haka mai caja 100W sai ya nemi igiyar da aka rubuta 100W ko 5A a jikinta ko a kwalinta.