Kafin ka cire palatin ɗin tsohon moto ka sa CDI, ka tsaya ka ji

Ni dai ina ƙaunar tsofaffin motocin nan na iyayenmu, irin Honda CG125 na farko-farko da aka fara ƙerawa a 1975 da su C70, kuma ciwo nike ji in na ga an kashe su a gareji da sunan gyara. Mutum ya gaji da goge palatin, ƴan ƙarafan nan biyu masu haɗewa da rabewa don buji ya samu wuta, duk bayan ƴan makwanni, ga ƙurar hunturu ta Maradi ba ta barin komi, sai a ce mishi ai CDI za ka sa, ɗan akwatin lantarki mai harba wutar buji ba da palatin ba, ka huta. Gaskiya ne ana hutawa, amma in an yi aikin daidai.

Abu na farko, mutane da yawa ba su ma tabbatar wutar ce matsalar ba. Moto na wuyar tashi da safe sai a ɗora ma palatin laifi alhali karbirato ce ta cika da dattin ruwa-ruwa, ko sagiman sun cinye. Ka fara da mai arha: sabon buji, tsakaninshi milimita 0.6 zuwa 0.7, palatin 0.3 zuwa 0.4, ka sake kondansatar. In ya tashi da kik ɗaya to ka san inda kake. In bai tashi ba alhali buji na samun wuta, CDI ma ba zai tada shi ba, asarar kuɗi kawai.

Inda aka fi faɗawa kuma shi ne sayen akwatin shi kaɗai. Wani zai aika Jibiya ko Katsina a kawo mishi CDI a leda, yana zaton waya biyar zai haɗa shikenan. A'a. Akwatin nan ba ya aiki sai da abokan tafiyarshi: bobin ɗin ciki mai ba shi wuta, wanda naɗinshi siririyar waya ce mai yawa don yana fitar da wajen bolt 100 ko fiye, na palatin ba ya kai nan ko kusa, sai ɗan firikwensin da ke gaya mishi lokacin da zai harba, sai bolan, wato ƙarfen nan mai maganaɗisu da ke juyawa da injin, mai ɗan tudu a jiki wanda ke gilmawa gaban firikwensin. Tsohon bolan ɗinka ba shi da tudun nan, don shi aikinshi tura palatin ne. Kenan saiti guda za ka nema, farantin da bobin ɗin ciki ke zaune a kai da bolan da akwati da bobin na waje mai kai ma buji wuta, duka na gida ɗaya. Kuma ka ɗauki tsohon bolan ka tafi da shi kasuwa a gwada ramin, don in bakin bai zauna daram bisa sandar injin ba zai riƙa wasa har ya yanke ɗan ƙarfen nan mai kamar rabin wata, daga nan saitin wuta ya tafi. Dan Allah kar a cire bolan da guduma, akwai abin jawo shi, kuma a yawancin Honda haƙoran hagu gare shi.

Sai maganar AC da DC. CDI iri biyu ne, akwai AC mai cin wutar maganeto, wato wadda bolan da bobin ɗin ciki ke haifarwa, akwai DC mai cin wutar batir, kuma wani lokaci bakin fulogin iri ɗaya ne sak, ido ba ya rabewa. Ka ba mai batir wutar maganeto ya ƙone nan take, ka ba mai maganeto wutar batir ko ƙyas ba zai yi ba. Tsofaffin motocin nan galibi bolt 6 ne, shi kuwa mai batir 12 yake so, in ka zaɓe shi sai ka sake batir da regilato da ƙwayayen fitila da ham duka. Ni a ganina, ga mai zuwa Tibiri ko Madarunfa ko cikin ƙauyuka, mai maganeto ya fi, ko batir ya mutu kik zai kawo ka gida.

Bobin na waje ma haka, kar ka ce tsohon na da kyau a bar shi. Na CDI naɗinshi daban ne. Ka sake shi tare da wayar buji da hularta.

Wayoyi kuwa, a tsarin Honda kore mas ne, wato wayar da ake ɗaura ma ƙarfen jikin moto, baƙi da ja daga bobin ɗin ciki, baƙi da rawaya zuwa bobin na waje, baƙi da fari na kashewa. Amma kayan da ba na asali ba ba kullum suke bin launin ba, ka sa mita ka auna. Kuma mas ɗin nan kar a ɗaura shi bisa fenti ko tsatsa, a kankare har ƙarfe ya fito fari. Sau nawa aka ce akwati ya mutu aka sayi wani, ashe mas ne. Murɗa waya da hannu a naɗe da salatif shi ma ba aiki ba ne, damina na zuwa zai nuna, a yi dalma. Akwatin a ɓoye shi ƙarƙashin kujera nesa da kan injin da salansa, zafin watan Afrilu namu da ke wuce 40 ya ishe shi.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne moto ya tashi sai a ce an gama. Tashi ba saiti ba ne. Jikin bolan akwai T akwai F, T fistin ya kai ƙololuwa kenan, F nan ne wuta ke harbawa in injin na tsaye yana aiki a hankali. Da palatin kana iya dubawa da ƴar fitila ko takarda, da CDI sai fitilar nan mai walƙiya ta duba saiti, in garejin ba su da ita ka nemi inda take. Wuta ta yi gaba, kik zai riƙa maido ma ƙafa, injin na ƙarar ƙyal-ƙyal in ka ɗauki kaya, yana zafi, in aka ci gaba fistin ke hujewa. Ta yi baya, ba ƙarfi, salansa kamar garwashi, mai na tafiya. Shi ya sa ba ni son akwatunan nan masu launi da ake cewa na tsere, suna iya tura wuta gaba fiye da abin da tsohon injin zai ɗauka, balle da man kwalba da ba ka san ingancinshi ba.

In za ka gwada wuta, buji ya kasance cikin hularshi jikinshi na taɓa injin, kar ka buga kik waya na lilo a iska, haka ake kashe sabon akwati da bobin ranar farko. Tsohon faranti da palatin da bolan kuma kar ka bar ma yaran gareji su kai ma masu gwangwan, ka shafa musu mai ka ƙulle cikin leda ka aje, irinsu na asali yanzu samunsu wuya gare shi ko a Kano.