Salsar Mangwaro da Abarba: Yadda Nake Haɗa Ta a Gida

Karon farko da na haɗa salsar 'ya'yan itace, kasa kai ta gaban baƙi na yi. Na zaɓo mangwaron da ya fi kowanne nuna, wanda ya yi luguf, a zatona zaƙi shi ne komai. Na yayyanka, na zuba gishiri da lemun tsami tun da hantsi, na rufe na ajiye sai bayan magariba. Ina buɗe kwanon sai na ga ruwa tsundum, albasa na yawo a sama, mangwaron kuwa ya narke kamar an dama shi. Abin ya yi mini ciwo, domin kayan masu kyau ne, ni ce na ɓata su. Tun daga ranar nake kiyaye abu uku: nunar ɗan itacen, girman yanka, da lokacin da gishiri zai shiga. Idan waɗannan suka daidaita, sauran aikin bai wuce na minti 20 ba, kuma ko ashana ba za ki ƙyasta ba.

Salsa kalmar Sifaniyanci ce da ke nufin miya ko mahaɗin abinci, tushenta kuma wata kalmar Latin ce mai ma'anar abin da aka sa wa gishiri. A Meziko, ɗanyar salsar da aka fi sani ita ce pico de gallo, wato "bakin zakara": tumatir, albasa, ɗanyen barkono, ganyen koriyanda, lemun tsami da gishiri, duk a yanke ƙanana. Wadda zan koya miki 'yarta ce. An janye tumatir, an ba mangwaro da abarba wurinsa. Na kawo wannan ne don ki san inda aka dosa. Ba kayan zaƙin da ake sha bayan an ci abinci muke haɗawa ba, mahaɗi ne da zai zauna a gefen gasasshen kifi ko kaza, saboda haka dole a ji gishiri da tsami da yaji a cikinsa, su ja da zaƙin.

Don mutum huɗu zuwa shida, ina amfani da manyan mangwaro 2, rabin matsakaiciyar abarba, rabin ƙaramar jar albasa, jan tattasai 1, kwatan attarugu ɗaya zuwa rabinsa, lemun tsami 2, ganyen koriyanda cikin tafin hannu, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Kokwamba da fiya na ganin dama ne, zan zo kansu.

Wajen zaɓen mangwaro, kada launi ya ruɗe ki. Akwai irin da yake nuna yana nan kore shar, akwai kuma wanda kumatunsa ke yin ja tun yana ɗanye. Ki ɗora shi a tafin hannu ki ɗan matsa. So ake ya lotsa kaɗan ya tsaya, kada yatsa ya nutse. Sannan ki shinshina wajen da aka tsinko shi, nunanne yana ƙamshi tun daga nan. Mai zare ba ya yankuwa da kyau, wuƙa jan sa take yi maimakon ta raba. Irin su Kent da Keitt da Ataulfo ba su cika zare ba, Tommy Atkins ya fi su. Idan wanda kika samu da saura, ki sa shi a jakar takarda tare da ayaba ɗaya na kwana ɗaya ko biyu. Ayaba na fitar da wata iska da ake kira etilin, ita ce ke gaggauta nuna.

Wannan dabara ba ta ci a kan abarba, kuma nan ne mutane da yawa ke ɓata lokacinsu. Abarba ba ta ƙara zaƙi bayan an sare ta. Za ta iya yin laushi, ɓawonta ya sauya launi, amma sukarin da ta baro gona da shi, shi ke nan. Don haka tun wajen saye ake yin hukunci. Ki juya ta ki shinshina gindinta: idan ƙamshi mai daɗi ya bugo ki, ta yi, idan babu ƙamshi ko kaɗan, an yi gaggawar sare ta, idan kuma warin tsami-tsami kika ji, ta fara wucewa. Ki ɗaga ki ji nauyinta, mai ruwa ta fi yadda ido ya zata nauyi. Tunda rabi kawai muke buƙata, ni rabin ƙasa nake ɗauka, domin ya fi na wajen ganye zaƙi.

Ki wanke komai kafin wuƙa ta taɓa shi, har da abin da za ki fere, saboda wuƙa na kwasar dattin ɓawo ta shigar da shi ciki. Mangwaro ma ya fi buƙatar wanki. Danginsu ɗaya da kashu, kuma ƙaron da ke jikin ɓawonsa yana sa wasu mutane ƙaiƙayi a hannu da leɓe.

Yanzu yanka, wanda shi ne rabin aikin. Ƙwallon mangwaro faffaɗa ne, a tsaye yake a tsakiya. Ki tsayar da mangwaron a kan katakon yanka, ki sare kumatu biyu, ɗaya ta kowane gefe, wuƙa na gogar ƙwallon. Ki ɗauki kunci ɗaya ki ja layuka a tsaye da a kwance da tsinin wuƙa ba tare da kin huda ɓawon ba, sai ki tura ɓawon daga baya, naman ya buɗe gida-gida, ki share shi cikin kwano. Abarba kuma ki cire kai da gindi, ki tsayar da ita ki fere daga sama zuwa ƙasa, ki ƙwaƙule idanun da suka rage, ki raba huɗu ki zare ƙashin tsakiyar nan mai tauri.

Girman da nake so bai kai santimita ɗaya ba, kamar ƙwayar masara ko sama da haka kaɗan. Dalilina shi ne, ina son kowane cokali ya ɗauko mangwaro da abarba da albasa da ɗigon barkono a tashi ɗaya. Idan yankan ya yi girma, wannan loma zaƙi zalla, waccan albasa zalla, haɗin bai haɗu ba ke nan. Tattasai ya bi girman 'ya'yan itacen, albasa ta fi su ƙanƙanta, attarugu kuma ya zama mitsi-mitsi har sai ido ya yi da gaske zai gan shi. Wuƙar ta kasance mai kaifi. Dakusasshiya matse ɗan itace take yi, ruwansa ya ƙare a kan katako. Injin markaɗe kuwa kada ma ki kusance shi, cikin daƙiƙa biyar zai mayar miki da komai abin sha.

Idan kin gama yanka abarbar, ki zuba ta a matsami ko rariya ta tsane na minti 10, ki tari ruwan a kofi ki ajiye. A daidai lokacin ki jiƙa yankakkiyar albasar a ruwan sanyi, ita ma minti 10, sannan ki tsane ta sosai. Ruwan na ɗauke kaifin nan da ke tsayawa a maƙogwaro, ya bar mata garas-garas ɗinta. Wani lokaci a ruwan lemun tsamin nake jiƙa ta, sai ta yi laushi kaɗan, launinta ya koma ruwan hoda mai kyau.

Batun barkono yana son natsuwa. A Meziko da Amurka an fi sa halafenyo ko serano, kuma idan kika ga an ce a sa guda ɗaya cur, to irin waɗannan ake nufi. Akwai ma'aunin zafin barkono da wani masanin harhaɗa magunguna ɗan Amurka, Wilbur Scoville, ya ƙirƙiro a 1912. A kansa halafenyo na tsakanin 2,500 da 8,000, habanero da ɗan'uwansa attarugu kuwa suna tsakanin 100,000 da 350,000. Kin ga ba sa'o'in juna ba ne. Duk da haka ni attarugu na fi so, domin yana da wani ƙamshi mai kama da na 'ya'yan itace wanda ke shiga da mangwaro kamar don shi aka yi shi. Sai dai da kwata nake farawa. Yawancin zafin ba a 'ya'yan yake ba kamar yadda ake cewa, a farar jijiyar nan yake da 'ya'yan ke manne da ita, don haka ita za ki kankare idan ƙamshin kike so ba azabar ba. Sinadarin zafin, kafsaisin, ba ya narkewa a ruwa. Ki sa safar hannu, ko ki shafa mai a yatsu bayan kin gama sannan ki wanke da sabulu. Na taɓa murza ido bayan na ɗauraye hannu da ruwa kawai, na kusa rabin awa ina hawaye, ba na fatan haka ga kowa.

Ki haɗa a kwanon gilashi ko tangaran ko na ƙarfen da ba ya tsatsa. Na alminiyam ba ya shiri da tsami, yana iya sa wa abinci ɗanɗanon ƙarfe. Mangwaro, abarba, tattasai, albasa da attarugu su fara shiga. Ki murza lemun tsami ɗaya a kan tebur da tafin hannu don ya saki ruwa, ki matse shi a kai, ki barbaɗa rabin gishirin, ki juya a hankali daga ƙasa zuwa sama sau uku ko huɗu. Lemun ya zama sabo, na kwalba ba shi da wannan ƙamshin. Kuma idan a waje kike aikin, ki wanke hannu kafin ki shiga rana, domin ruwan lemun tsami a fata idan ya haɗu da hasken rana yana iya ƙona ta ya bar tabo.

Daga nan ma'auni ya ƙare, sai harshe. Babu mangwaro biyu masu zaƙi ɗaya, shi ya sa ban yarda da wanda zai ce miki cokali kaza ne ba ƙari ba ragi. Ki ɗanɗana. Idan kika ji salam, komai na nan amma babu abin da ya fito, gishiri ne bai ji ba, ki ƙara ɗan kaɗan ki ga yadda zaƙin kansa zai farka. Idan zaƙi ya yi yawa har yana gundura, lemo na biyu ya shigo. Idan tsami ya kama haƙori, ki zuba cokali ɗaya ko biyu na ruwan abarbar da kika ajiye, ko ɗigon zuma. Idan yaji ya wuce gona da iri, ba ya ciruwa, sai dai ki ƙara mangwaro ko kokwamba su raba shi. Sannan ki tuna yaji na ƙara fitowa idan haɗin ya zauna, don haka ki tsaya tun kina ganin kamar da saura. Abu ɗaya da na koya a makare: ki ɗanɗana tare da abin da za a ci da ita. Idan da soyayyen tortiya ne mai gishiri, wato siririyar gurasar masara, yadda ake ci a Meziko, salsar ba ta buƙatar gishiri da yawa. Idan da farar shinkafa ce ko kifin da bai ji kayan haɗi sosai ba, tana buƙatar ƙari.

Ki rufe ki sa a firji minti 15 zuwa 30, kada ya wuce haka da yawa. Gishiri janyo ruwa yake yi daga jikin 'ya'yan itace. A rabin awa na farko wannan alheri ne, domin ɗan ruwan da ya fito shi ke zama romon da ke haɗa kan komai. Bayan awa uku ko huɗu kuwa, shi ne abin da ya same ni a karon farko. Idan dole ne ki yi shiri tun da wuri, ki yanka komai ki ajiye kowanne daban a firji, ki bar gishiri da lemo sai baƙi sun kusa.

Koriyanda a ƙarshe take shiga, dab da kai wa tebur, don kada ta yi baƙi ta kwanta. Akwai mutanen da a bakinsu ɗanɗanon sabulu take yi, kuma ba iyayi ba ne, halittarsu ce haka. Idan akwai irinsu a gidanki, ki sa na'a-na'a, tana dacewa da abarba ƙwarai. Fiya ma sai a ƙarshe, a juya sau ɗaya tak, in ba haka ba ta dame ta shafe launin kowa. Kokwamba kuma ki kwashe 'ya'yan cikinta da cokali kafin ki yanka, nan ne ruwanta yake.

Gwanda na iya maye gurbin mangwaro idan ta nuna amma da sauran ƙarfinta, sai dai tana son lemun tsami fiye da shi. Ita da abarba suna da wani hali da ya kamata ki sani: kowaccensu na ɗauke da sinadarin da ke narkar da furotin, na abarba buromelin, na gwanda fafayin. Shi ne ke sa harshe ya riƙa tsikari idan an sha ɗanyar abarba da yawa. Saboda haka kada ki zuba salsar a kan kifi ko nama ki bar su su kwana tare, da safe za ki tarar naman ya saki ya yi taɓo-taɓo. A gefe ake ajiye ta, ko a ɗora a kai lokacin da za a ci. Zafi na kashe wannan sinadari, don haka idan tsikarin na damun ki, ki gasa yankan abarbar minti biyu ko uku kowane gefe har ta yi zane, ta huce, sannan ki yayyanka. Ƙamshin da take bayarwa a haka daban ne, kuma ita nake yi duk ranar da kaza zan gasa.

Abin da ya rage kada ya wuce awa 2 a waje, idan kuma zafin gari ya haura digiri 32, awa 1. A firji cikin mazubi mai murfi za ta kai washegari lafiya, amma za ki tarar ta saki ruwa. Ki tsiyaye shi a kofi, ki matsa wa salsar sabon lemo kaɗan, ki yanka sabon ganye a kai. Ruwan da kika tsiyaye kuma kada ki zubar, akwai zaƙi da tsami da yaji da gishiri a cikinsa. Ni cokali ɗaya na man zaitun nake kaɗawa a ciki, in zuba a kan latas da kokwamba a ci da rana.