Kurakuran da aka fi yi a girkin kinwa na farko da yadda ake gyara su

Ranar da na fara dafa kinwa, na ɗauke ta tamkar shinkafa: na zuba ta a tukunya ba tare da wani wanki na kirki ba, na cika mata ruwa, na bar ta tana tafasa a kan wuta mai ƙarfi, kuma da na sauke sai na tarar da wani abu mai kama da fate, ga ɗaci yana maƙale wa mutum a bayan harshe. Babu wanda ya iya cin cokali uku a gidan. Na daɗe ina ɗora wa kinwar laifi, sai daga baya na gane cewa abin da muka ɗanɗana a ranar ba ita ba ce, ɗacin bawonta ne da kuma ruwan da na cika mata. Mafi yawan waɗanda suka gwada ta sau ɗaya suka haƙura, idan aka bi diddigin yadda suka dafa ta, waɗannan kurakurai biyu ake tararwa.

Kinwa, wadda ake rubuta sunanta da quinoa a jikin leda, abincin mutanen tsaunukan Andes ne a Kudancin Amurka, musamman kewayen tafkin Titikaka da ke tsakanin Peru da Bolibiya, inda aka shafe dubban shekaru ana nomanta a tuddan da tsayinsu ya kusa mita 4,000. Har yau ƙasashen nan biyu ne suka fi kowa samar da ita, kuma ta ƙara yaɗuwa a kasuwannin duniya bayan da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2013 a matsayin shekarar kinwa. Abin da mai girki ya fi buƙatar sani shi ne cewa ita ba dangin gero da dawa da shinkafa ba ce. 'Yar uwar alayyafo ce, ƙwayar irinta ake ci kamar hatsi. Daga nan ne halayenta a cikin tukunya suka bambanta da na hatsin da muka saba da shi.

Babban kuskure, wanda ya fi kowane ɓata girki, shi ne rashin wanke ta yadda ya kamata. Kowace ƙwaya tana lulluɓe da wani sinadari mai suna safonin, wanda tsiron yake kare kansa da shi daga tsuntsaye da ƙwari, kuma wannan sinadari yana da ɗaci, yana kuma yin kumfa kamar sabulu idan ya haɗu da ruwa. Manoman tsaunukan Bolibiya sun daɗe da sanin haka, shi ya sa a al'adance sukan ɗan gasa ta, su murje, su sheƙe, sannan su wanke kafin ta shiga tukunya. Wadda ake sayarwa a leda yawanci an riga an cire mata mafi yawan wannan bawo, wasu ledojin ma har an rubuta cewa wankakkiya ce, amma ni shawarata ita ce a wanke ko da an rubuta hakan, domin ƙurar safonin ɗin da ta rage a cikin leda ta isa ta canza ɗanɗanon tukunya guda.

Wankin kuwa ba ɗauraya ɗaya ba ce. A zuba kinwar a kwano, a zuba ruwan sanyi, a sa tafin hannu biyu a murza ta sosai kamar ana wanke wake. Nan take za a ga ruwan ya yi gurɓi-gurɓi, farar kumfa ta taso a gefen kwano. A tsiyaye, a sake sabon ruwa, a maimaita sau uku ko huɗu har sai ruwan ya fito garau babu kumfa. Wanda yake da shakka sai ya ɗauki ƙwaya biyu ko uku ya tauna ɗanye: idan har yanzu akwai ɗaci, wankin bai isa ba. A nan ne kuma wani ƙaramin kuskure yake faruwa wanda yake jawo asara, wato tsane ta a kwandon da ake tsane shinkafa. Ƙwayarta ba ta wuce girman gero ba, saboda haka rabinta zai bi ramukan kwando ya tafi magudana. A nemi mataci mai ƙananan ramuka, idan babu kuma a shimfiɗa ƙyalle mai tsabta irin na tatar koko a cikin kwandon, a bar ta ta tsane na 'yan mintoci.

Kuskure na biyu shi ne ruwa. Da yawa daga cikinmu mun saba da tafasa shinkafa a cikin ruwa mai yawa, a tsane, a mayar ta turara, ko kuma a riƙa ƙara ruwa da ido har ta nuna. Kinwa tana buƙatar lura a nan, domin ƙwayarta ƙarama ce, tana shan ruwa da sauri, kuma da zarar ta wuce ƙa'ida sai ta fashe ta caɓe. A jikin leda an fi rubuta ma'auni biyu na ruwa ga ma'auni ɗaya na kinwa, amma wannan lissafi bai cika la'akari da ruwan wankin da ya rage a jikinta ba. Abin da na ga ya fi fitar da ita wara-wara shi ne gwangwani ɗaya na kinwa ga gwangwani ɗaya da kashi uku cikin huɗu na ruwa, kuma a auna duka biyun da gwangwani guda. A kuma tuna cewa tana kumbura har kusan ninki uku, don haka gwangwani ɗaya ya wadaci mutum uku ko huɗu idan akwai miya ko ganye a gefe. Masu gwajin farko sukan dafa da yawa su rasa yadda za su yi da ragowar.

Bayan ruwa sai wuta. Idan ta tafasa, a rage wutar zuwa mafi ƙanƙanta, a rufe da murfi mai kama bakin tukunya da kyau, a bar ta kamar minti 15 ba tare da buɗewa ko juyawa ba. Juyawa da ludayi a tsakiyar dahuwa yana farfasa ƙwayoyin ya sa su manne, buɗe murfi kuma yana sakin tururin da yake ƙarasa aikin. Mai girki a kan gawayi sai ta janye wasu garwashin bayan tafasa, kuma tukunya mai kaurin gindi ta fi, domin mai sirara tana saurin kamawa tun kafin saman ya nuna. Alamar nuna a bayyane take, ko da yake ta tsorata mutane da dama: ƙwayar takan zama kamar ana hango cikinta, sannan wani ɗan farin zare ya rabu da jikinta ya nannaɗe kamar zobe. Na san wadda ta zubar da tukunya guda don ta zaci tsutsotsi ne. Wannan zare shi ne ɗan tsiron da ke cikin ƙwayar, kuma fitowarsa ita ce shaidar cewa girki ya yi.

Sauke ta a zuba a faranti nan take shi ma kuskure ne, kuma shi ne dalilin da ya sa wasu suke bin duk ƙa'idojin baya amma su samu kinwa mai danshi. A kashe wuta, a bar murfin a rufe na minti 5 zuwa 10 domin ta shanye sauran tururin, sannan a buɗe a warware ta a hankali da cokali mai yatsu.

Akwai kuma masu ƙorafin cewa ba ta da ɗanɗano, kuma a gaskiya idan aka dafa ta da tsurar ruwa ba gishiri, lami take fitowa. Gyaran wannan yana da daɗin yi. Bayan an wanke ta ta tsane, a zuba ɗan man gyaɗa a tukunya, a soya albasa ta yi laushi, a zuba kinwar a riƙa juyawa na minti biyu ko uku har sai an ji tana ƙara tsat-tsat, ƙamshi mai kama da na soyayyar gyaɗa ya tashi. A lokacin ne za a zuba ruwan. Idan aka yi amfani da ruwan nama ko na kaza a madadin ruwa, bambancin ba kaɗan ba ne, sai dai a rage gishiri da ɗunƙule domin tana shanye duk abin da aka ba ta. Wanda yake son yi mata irin haɗin dafa-duka ya lura da cewa markaɗen tumatir da tattasai ruwa ne, dole a lissafa shi cikin ma'aunin, ko kuma a soya shi ya ƙafe sosai kafin a zuba kinwar, in ba haka ba za a koma ga caɓewar da ake gudu. A ƙasashen da ta fito ma ba su taƙaita ga dafa ta wara-wara ba: suna yin miya da ita tare da dankali da ganyayyaki, suna kuma dama ta da madara da cuku ta yi kauri.

Game da launi, akwai fara da ja da baƙa, kuma ba dahuwa ɗaya suke yi ba. Farar ta fi laushi da saurin nuna, ita ce ta fi dacewa da gwajin farko. Ja da baƙa suna buƙatar ƙarin 'yan mintoci, suna kuma riƙe ƙwayarsu da ɗan tauri, abin da ya sa suka fi kyau a kwaɗo ko haɗin ganye. Ledar da aka gauraya launuka uku tana da kyau a ido, amma sau da yawa farar takan yi laushi kafin baƙar ta nuna, saboda haka ba ita nake ba sabon shiga shawara ya saya ba.

Wani kuskuren ba a tukunya yake ba, a zuciyar mai saye yake, kuma shi ya fi damuna. Gaskiya ne cewa kinwa tana da furotin kusan kashi 14 cikin 100 idan tana ɗanya, tana ɗauke da dukkan muhimman sinadaran gina jiki guda 9 da jiki ba ya iya haɗawa da kansa, kuma ba ta da gulutin, wato sinadarin da ke sa kwaɓin alkama danƙo, wanda hakan alheri ne ga masu ciwon da ke hana su cin alkama. Amma abinci ce, ba magani ba. Tana da sitaci mai yawa, don haka mai ciwon suga da ya cika faranti da ita yana ganin ya tsira ya yaudari kansa. Ma'aunin da likitansa ya ba shi yana nan daram, kuma ba a barin magani saboda ita. Haka nan wanda cikinsa bai saba da ita ba ya fara da kaɗan, domin yawan harzar da ke cikinta, wato ɓangaren abinci da ciki ba ya narkarwa, yakan sa wasu kumburin ciki a karon farko. Tun da kuma daga nesa ake shigo da ita, kuɗinta ba ƙarami ba ne, kuma wanda bai da halin sayenta bai rasa wani abu da acca da gero da wake ba za su ba shi ba idan aka haɗa su yadda ya dace.

Ajiya ma tana da nata sharaɗi. Ɗanyar kinwa tana da ɗan maiƙo a cikin ƙwayarta, kuma a wuri mai zafi wannan maiƙon yakan canza wari, saboda haka a juye ta daga leda zuwa kwalba ko roba mai murfi, a ajiye inda rana da danshi ba sa kaiwa. Dafaffiya kuwa a baza ta a faranti ta huce da wuri, a sa a firiji, a cinye cikin kwana uku ko huɗu. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, gara a dafa iya abin da za a ci a ranar.

Idan kuma an riga an yi kuskuren, ba lallai ne a zubar ba. Wadda ruwa ya ɗan yi mata yawa, a tsane ta a mataci, a mayar tukunya a kan wuta kaɗan na minti biyu babu murfi, sannan a baza ta a tire ta sha iska. Wadda ta caɓe gaba ɗaya, a ƙara mata madara da ɗan citta da zuma a dama ta kamar kunu, ko a fasa mata ƙwai biyu, a yanka albasa da attarugu, a zuba ɗan gari ya haɗe ta, a mulmula a faɗaɗa, a soya a kasko da mai kaɗan har kowane gefe ya yi ja. Mai ɗaci ce kaɗai take da wuyar ceto, domin safonin ya riga ya shiga cikin ƙwayar. Ɗauraye ta da ruwan zafi da matsa mata lemun tsami yana rage shi, amma ba ya kawar da shi duka.