Yadda ake kwatanta rediyon oba-oba na dijital kafin a biya kuɗi

Na daɗe ina saita wa masu gadi, masu manyan gonaki da 'yan kwangilar gini rediyon oba-oba. Kusan duk wanda ya riga ya yi sayayya kafin ya zo wurina, kukansa ɗaya ne: "Malam, duk dijital ne, amma sun ƙi jin juna." Saboda haka ba da farashi za mu fara ba.

Da farko ka tabbatar abin da ke hannunka dijital ne da gaske. Allo mai nuna lambobi ba shi ke mai da rediyo dijital ba. Baofeng UV-5R yana da allo da maɓallai, amma analog ne zalla, wato tsohon tsarin da ba dijital ba, haka ma BF-888S da ya cika kasuwa. Akwai kuma wanda ake sa wa sim, a rubuta a kwalinsa cewa yana kai dubban kilomitoci. Wannan waya ce a cikin rigar oba-oba, da data take aiki. A watan Satumbar 2021 da aka rufe layukan waya a Zamfara, irin wannan ba shi da abin da zai hau ya yi magana. In gonarka ko wurin aikinka sabis na yawan ɗaukewa, cire shi daga lissafi tun yanzu.

Mataki na biyu shi ne inda mutane suka fi faɗawa rami, ni ma a nan na taɓa yin asara. Dijital ba yare ɗaya ba ne. Akwai DMR, wanda hukumar ETSI ta Turai ta fitar a 2005. Shi Motorola ke kira MOTOTRBO, shi ne kuma a cikin yawancin na Hytera, Anytone da TYT. Akwai NXDN na Icom da Kenwood. Akwai dPMR. Akwai D-STAR, akwai kuma C4FM na Yaesu, waɗanda na masu rediyon sha'awa ne, ba na aikin gadi ba. P25 kuwa na 'yan sanda da 'yan kwana-kwanan Amurka ne. A tsarin dijital babu ɗaya daga cikinsu da ke jin ɗan'uwansa, ko da ka sa su a mita ɗaya, wato a kan tasha guda. Kamar ka zaunar da mai jin Hausa kaɗai da mai jin Kanuri kaɗai ne a kan tabarma guda.

Wata gonar shinkafa ta taɓa aiko ni in ƙaro mata guda goma a kan huɗun da take da su, masu DMR. Mai shagon ya miƙo mini kwali ya ce, "Yallaɓai, wannan ma dijital ne, duk abu ɗaya ne." Na leƙa na ga haruffa masu kama da waɗanda nake nema, na biya. Sai da na kai su gona na kwana biyu ina sauya saiti, sannan na cire batir na karanta takardar da ke manne a bayan rediyon da kyau: dPMR ne. Mai shago ya ce an riga an buɗe kwali. Ƙarshenta duka goma sha huɗun na mayar da su analog don su ji juna, wato kuɗin dijital ɗin ya tafi a banza. Tun daga ranar ba na karanta kwali. Batir nake cirewa in duba lambar samfurin, in nemi takardar bayanansa a intanet ina tsaye a shagon.

Ni dai in ba ka da tsofaffin da za ka haɗa da su, DMR za ka saya, kuma wanda aka rubuta masa Tier II. Yana raba tasha ɗaya mai faɗin 12.5 kHz gida biyu, ta yadda rukuni biyu za su yi magana lokaci guda ta rifita ɗaya, wato na'urar da ke karɓar magana ta sake watsa ta nesa. Kuma da yake rabin lokaci kawai yake watsawa, batirinsa ya fi jimawa.

Ko a cikin DMR ɗin ma ba ka tsira ba tukuna. Sai mita ta zo ɗaya, lambar kala ta zo ɗaya (wata lambar saiti ce, daga 0 zuwa 15 take), gurbi ya zo ɗaya, wato ɗaya daga gida biyun nan, na 1 ko na 2, sannan lambar rukunin magana. Waɗannan duk ana iya gyarawa. Wanda ba ya gyaruwa shi ne kulle magana: ƙaramin makullin Motorola ba ya buɗe na Hytera. In kana son maganarku ta zama sirri, ka tsaya a kamfani ɗaya, ko ka ga sun yi magana a kulle a gabanka kafin ka ciro kuɗi. Ka tafi shago da tsohon rediyonka a aljihu, a gwada su fuska da fuska.

Na uku, VHF ko UHF. VHF, daga 136 zuwa 174 MHz, ya fi dacewa da fili da daji. UHF, daga 400 zuwa 470, ya fi ratsa gine-gine, shi nake ba otal, makaranta da kasuwa. Amma mita ba ta kowa ba ce, hukuma ke raba ta, don haka ka fara sanin wadda aka ba ka izini a kai. A Nijar ARCEP ce ke kula da wannan, a Najeriya kuma ka tambaya ko hukumar sadarwa ta NCC ta tantance samfurin.

Batun nisa, kada ka saurari kwali. Na hannu na kirki wat 4 ne ko 5, kuma tsakanin mutum biyu da ke tsaye a ƙasa cikin gari 'yan kilomitoci kaɗan zai kai. Tsayin eriya da rifita ke ƙara nisa, ba yawan wat ba. Ka sayi biyu kacal tukuna. Ka bar mutum a bakin ƙofa, ka hau babur zuwa ƙarshen wurin, ka shiga bayan sito da cikin kwari. Analog yana fara shuuu ya gargaɗe ka cewa ka yi nisa. Dijital kuwa murya tar take fita, sai ta fara kakkaryewa, sai ɗif. Ka lura da daidai inda ta yanke.

Sauran a gurguje. Awannin batir da suke rubutawa a kan lissafin 5-5-90 ne: kashi 5 magana, 5 sauraro, 90 jira. Mai gadin kasuwa ya fi haka surutu, saboda haka ka tambayi kuɗin batir na biyu, da ko ana samunsa a garinku. Don ƙurar hunturu da ruwan damina, ka duba lambar IP mai nuna ƙarfin kariya: IP54 shi ne mafi ƙaranci; IP67 ƙura ba ta shiga, yana kuma jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. Kuɗin Motorola ɗaya zai sayi TYT da yawa, amma in ka ga mai babban suna a farashin ƙarami, ka yi zargin jabu ne. Sannan kada ka bar shagon sai da kebul ɗin saiti da manhajarsa, ka kuma sa a tura maka fayil ɗin saitin a wayarka, don ranar da za ka ƙara guda biyu kada ka koma neman wanda ya saita na farko.