Yadda ake haɗa shayin matcha irin na Japan

Da farko ka ɗauraye kwanon da ruwan zafi ka goge tas, sai ka tankaɗe garin matcha, wato niƙaƙƙen koren ganyen shayi, kamar giram 2 a ciki, in ba ka tankaɗe ba gudaji zai yi wallahi. Ruwan kar ya zama tafasasshe, bari ya huce zuwa digiri 80 haka, zuba kaɗan ka ɗau chasen, ɗan maburgin gora, ka kaɗa da sauri gaba da baya har kumfa ta taso. Ba sukari ba madara fa.

Baƙo kuma alawa zai fara ci saboda ɗacin, ya karɓi kwanon hannu biyu ya ɗan juya shi sannan ya kurɓa. Da shayin nan sufayen Zen, wata ɗarika ta addinin Buddha, ke korar barci wurin dogon zaman tunani, wani sufi ɗan Japan mai suna Eisai ne ya kawo musu irin shuka shayin daga Sin a 1191.