Gajiya bayan ritaya: yadda za ka gano tushenta, ka dawo da ƙarfinka

Idan dattijo ya yi kukan gajiya, amsar da yake samu a gida ba ta wuce biyu: "Shekaru ne, Baba," ko kuma "Ka huta mana, ai ka yi naka." Ƙauna ce ke sa su faɗi haka, amma wannan shawara ta kwantar da mutane da yawa waɗanda da sauran ƙarfinsu. Aikin jinya na yi har na ajiye, yanzu ni ma ina sahun 'yan fansho, kuma abin da nake so tsarana su ji shi ne: gajiyar da ta hana ka abin da kake yi bara tana da dalili, kuma da yawa daga cikin dalilan nan suna jin magani.

Babu musu tsufa yana rage ƙarfi. Tun daga shekara 30 tsokar jiki take fara zubewa, kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma, bayan 60 kuma abin ya ƙara sauri. Sai dai wannan ragi a hankali yake tafiya, ba ka ma jin sa. Idan a cikin wata uku ko shida ka tashi daga mai hawa bene kai tsaye ka koma mai tsayawa a tsakiya yana dafa bango, kada ka ɗora wa shekaru laifin.

Fara da tantance wace irin gajiya ce, domin abubuwa daban-daban muke haɗawa mu kira su da suna ɗaya. Akwai wanda barci ne ke fizgar sa, da ya zauna sai gyangyaɗi. Wani ƙafafunsa ne suka yi sanyi, tashi daga zaune ya zama aiki. Wani haki ne, ɗan taku kaɗan numfashi ya ƙare. Wani kuma jikinsa lafiya lau, amma ransa ba ya son komai. Ka samu ɗan littafi, ka yi mako biyu kana rubuta lokacin da ka kwanta, sau nawa ka farka, da wane lokaci gajiyar ta fi danne ka, da abin da kake yi sa'ad da ta zo. Likita zai fi amfana da wannan takarda fiye da "wallahi jikin ne dai ba daɗi."

Akwai alamun da ba a jira mako biyun nan da su. Ciwon ƙirji, haki ko da kana kwance, kumburin ƙafafu, rama ba tare da ka rage ci ba, bayan gida baƙi ƙirin ko mai jini, zazzaɓi da gumin dare, tarin da ya wuce mako biyu, ƙishirwa da fitsari marasa iyaka. Duk wanda ya haɗu da gajiya a cikin waɗannan, asibiti za a nufa ba tare da ɓata lokaci ba.

In ka je, ka nemi a auna jini. Ƙarancin jini na sahun gaba wajen kawo gajiya ga manya. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, himogulobin, wato sinadarin jini da ake aunawa don gane ƙarancinsa, ƙasa da 13 ga namiji, ƙasa da 12 ga mace, ƙaranci ne. Kuma ina roƙon ka, in aka ce jininka ya yi ƙasa, kada ka tsaya ga sayen maganin ƙarin jini. Ka tambaya ina jinin yake tafiya. A shekarunmu sau da yawa ta ciki yake tsiyaya kaɗan-kaɗan, musamman ga masu shan maganin ciwon gaɓoɓi irin su ibuprofen da diclofenac kullum. A duba suga, a duba ƙoda, a yi gwajin TSH na ƙwayar tayirod da ke wuya, wadda in ta yi sanyi take sa kasala da jin sanyi da ƙiba da taurin bayan gida. A duba bitamin B12 kuma. Ciki yana rage iya tsotse shi idan an manyanta, wanda ya daɗe yana shan metformin na ciwon suga ko omeprazole na gyambon ciki ya fi shiga wannan matsala, kuma alamarta takan haɗa da jin ƙafafu sun yi dundum ko suna tsikari. In jiri na ɗibar ka idan ka miƙe, ka ce a yi maka awon hawan jini kana kwance, a sake aunawa kana tsaye. Faɗuwar 20 a lambar sama ta awon idan ka miƙe abin dubawa ce.

Ka tattara duk magungunan da kake sha ka zuba a leda ɗaya ka tafi da su, har da wanda ka saya da kanka da wanda wani ya ba ka. Na taɓa zazzage irin wannan leda a kan tebur a gaban wani dattijo da ɗansa. Kwali biyu sunansu daban, launinsu daban, amma da na juya bayansu na karanta, atenolol ne duka, maganin hawan jini. Wurare biyu suka rubuta masa, kowa bai san da ɗayan ba, shi kuma yana sha safe da safe kamar yadda aka ce. A ƙasan ledar ga Piriton, maganin mura da ƙaiƙayi, wanda yake haɗiya kowane dare don ya samu barci. Na kama wuyan hannunsa, bugun a hankali yake zuwa, kamar ba ya so. Ɗan ya ce, "Mun ɗauka tsufa ne, shi ya sa muka bar shi yana ta kwanciya." Magungunan hawan jini, na barci irin diazepam, na mura da ƙaiƙayi, da amitriptyline na damuwa da ciwon jijiya, duk suna iya sa gajiya. Amma kada ka yanke ko ɗaya da kanka, wasunsu in an daina su farat ɗaya haɗarin ya fi na gajiyar. Likita ne zai rage ko ya sauya.

Sai barci. Wanda ya haura 65 yana bukatar awa 7 zuwa 8, sai dai barcin ba ya nauyi kamar da, kuma yana zuwa da wuri ya tafi da wuri. Abin da ritaya ke lalatawa shi ne lokacin tashi, tunda babu mai jiran ka. Ka tsayar da lokaci ɗaya na tashi ko da daren bai yi daɗi ba, ka fita hasken safiya ya same ka, domin da haske jiki yake saita agogonsa. Barcin rana ba laifi ba ne in bai wuce minti 20 zuwa 30 ba, kuma kafin ƙarfe 3. Wanda ya kwashi awa biyu da yamma, shi ne zai kwana ido biyu, gobe ya sake ramawa da rana, haka abin zai yi ta zagayawa. Kofi da shayi mai ƙarfi a bar su ga safiya, don bayan kamar awa 5 rabin sinadarin da ke hana barci yana nan a jini. Ka kuma tambayi uwargida, ke ma Hajiya ki tambayi maigida: shin ina munshari har numfashina ya ɗauke, sannan in zabura? In amsar e ce, wannan ciwo ne da ake gwadawa kuma ake magancewa, mai shi zai kwana awa takwas a gado ya tashi kamar bai runtsa ba. Fitsarin dare fiye da sau biyu shi ma a gaya wa likita.

To, an duba, an gyara abin gyarawa, ko kuma an ce komai lafiya. Nan ne nake so ka tsaya ka saurare ni, don nan ne hankali yake yaudarar mu. Mai gajiya gani yake hutu ne magani. A 1966 a birnin Dalas na Amurka, masu bincike sun kwantar da samari 5 'yan shekara 20 a gado na tsawon mako 3, suka auna ƙarfin zuciya da huhunsu wajen aiki. Bayan shekara 30 aka sake nemo mutanen nan aka auna. Kwanciyar mako ukun nan ta fi shekaru talatin ɗin rage musu ƙarfi. Jiki ba ya ciyar da tsokar da ba ta aiki, sallamar ta yake yi. Ranar da ka bar aiki, ka bar tafiya zuwa bakin titi, ka bar hawa matakala, ka bar tashi da zama sau da yawa a wuni, duk ba ka lissafa su a matsayin motsa jiki ba, amma su ne suke riƙe da kai.

Abin da ke faranta min rai shi ne ƙarfin yana dawowa. A 1990 Dakta Maria Fiatarone da abokan aikinta suka wallafa aikin da suka yi da tsofaffi 10 masu rauni a wani gidan kula da tsofaffi a Boston, shekarunsu wajen 90. Mako 8 suna ɗaga nauyi da ƙafafu. Mutum 9 da suka kai ƙarshe, ƙarfin cinyarsu ya ƙaru da kashi 174 cikin ɗari a matsakaici. In mai 90 ya samu haka, mai 66 ba shi da hujjar cire rai.

Ga yadda za ka san inda kake. Samu kujera mai ƙarfi marar hannu, mai tsayin kamar santimita 43, ka jingina bayanta da bango. Zauna a tsakiyarta, tafin ƙafa a ƙasa, ka gicciye hannuwa a ƙirji. Wani ya tsaya kusa ya riƙe agogo. Ka miƙe tsaye cak, ka koma ka zauna, ka yi ta yi har daƙiƙa 30. A ma'aunin hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta Amurka, namiji mai shekara 65 zuwa 74 da ya kasa kai 12, ko mace mai 65 zuwa 69 da ta kasa kai 11, ƙafafunsu sun yi rauni kuma suna cikin haɗarin faɗuwa. Rubuta lambar da ka samu, ko nawa ce.

Wannan gwajin shi ne kuma atisayen. Tashi da zama sau 8 zuwa 10, a huta, a sake, kwana biyu ko uku a mako. Wajen zama ka sauka a hankali, kada ka saki jiki ka faɗa, saukar nan ita ma tana gina cinya. In ba ka iya tashi sai da hannu, dafa, ko ka ɗora matashi a kan kujerar, daga baya ka cire. Ƙara da tura bango da hannuwa, da ɗaga dunduniya kana riƙe da bayan kujera, da tsayuwa da ƙafa ɗaya kusa da abin kamawa. Kada ka riƙe numfashi lokacin yunƙuri, musamman mai hawan jini. In abin ya fara zama wasa, ka rungumi wani abu mai ɗan nauyi a ƙirji.

Tafiya kuma, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ga masu shekara 65 zuwa sama ita ce minti 150 zuwa 300 a mako. Kada lambar ta tsorata ka. Fara da minti 10 in shi kake iyawa, ka riƙa ƙara kaɗan kowane mako. Saurin da ake so shi ne wanda za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba. Makon farko da na biyu za ka ji tsami, har ka ce gajiyar ƙaruwa ta yi. Wannan ba abin tsoro ba ne. Ciwon ƙirji, jiri, ko hakin da bai lafa da hutawa ba, su ne ke sa a tsaya a nemi likita. Kuma ranar da ka tashi garau, kada ka ce sai ka rama duk abin da ya wuce ka. Masu yin haka su ne suke kwana uku a kwance su ce motsa jiki bai karɓe su ba.

Tsoka ba ta ginuwa da iska. Masana abincin tsofaffi suna ba da shawarar furotin, wato sinadarin gina jiki, giram 1 zuwa 1.2 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana, wato mai kilo 70 yana neman giram 70 zuwa 84. Ƙwai ɗaya kamar giram 6 ne kacal. A raba shi a kowane cin abinci, ƙwai, kifi, nama, madara, wake, ba a tara shi duka a dare ba. Na lura da yawa daga cikinmu haƙora ne suka raba su da nama ba su faɗa wa kowa ba, sai a ga suna ture shi gefe. A gyara haƙoran ko a tausasa abincin. Mai ciwon ƙoda ya bi ma'aunin likitansa. Ruwa kuma kada ka jira ƙishirwa, don jin ta yana dusashewa da shekaru. Launin fitsari zai gaya maka, in ya yi duhu ka ƙara.

Saura nau'in gajiyar da gwajin jini ba ya nunawa. Mutumin da ya shekara talatin ana jiran sa kowace safiya, ana tambayar ra'ayinsa, rana ɗaya waya ta yi shiru. Wannan yana da nauyi, kuma a jiki yake fitowa. Ka sa wa makonka abubuwa biyu ko uku masu lokaci tsayayye waɗanda wani zai neme ka in ba ka zo ba: koyar da yara abin da ka sani, abokin tafiyar safe, aikin sa kai, shuka da za ta bushe in ba ka ba ta ruwa ba. Ayyuka masu nauyi ka ajiye su a lokacin da littafinka ya nuna ka fi kuzari.

Amma in ka yi mako biyu ko fiye ranka a jagule, abin da ka saba jin daɗinsa ya fita kanka, ba ka son ganin mutane, ko ka fara jin zamanka ba shi da amfani, wannan ciwon damuwa ne, kuma ga manya sau da yawa da gajiya yake fara sallama. Ka faɗa wa likita kai tsaye kamar yadda za ka faɗi ciwon gwiwa. Yana da magani, na sha da na tattaunawa.

Bayan mako 8 ka koma kan kujerar nan, wani ya sake riƙe agogo. In lambar ta hau, ka ƙara nauyi ka ci gaba. In ba ta motsa ba, ko gajiyar ma gaba take yi duk da ƙoƙarinka, ɗauki littafinka da ledar magungunanka ka koma asibiti, ka ce a sake dubawa.